Shekara 39 kafin a ba shi babbar kujera: haƙuri ne ko rashin mafita?

Sani_Gwinnett: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar na kai yarana kallon bezbol a filin Gwinnett Stripers, da yake kusa da gidanmu ne nan Lawrenceville, jihar Jojiya. Wani dattijo da ke zaune kusa da ni ya nuna min bencin 'yan wasa ya ce a nan Brian Snitker, tsohon manajan Atlanta Braves, ya riƙa zama daga 2014 zuwa 2016 lokacin da yake manajan Gwinnett. Da na koma gida na bi tarihin mutumin, kuma har yanzu abin bai bar raina ba.

Atlanta Braves suka ɗauke shi a 1977 a matsayin mai cafke ƙwallo, wato wanda ke tsugunne a bayan mai bugu. Bai taɓa taka babbar gasa ba yana ɗan wasa. A 1980 aka sallame shi, sai Hank Aaron, wanda a lokacin shi ke kula da ƙananan kulob ɗin Braves, ya ba shi aikin koyarwa. A 1982 ya zama manajan Anderson yana ɗan shekara 26. Daga nan fa yawo ya kankama: Durham, Sumter, Macon, Danville, Myrtle Beach, Greenville, Mississippi, Richmond. Sai a watan Mayu na 2016, yana da shekara 60, aka ba shi babbar ƙungiyar, shi ma na riƙon ƙwarya. A 2021 ya ɗauki kofin World Series, wato kofin zakarun babbar gasar bezbol ta Amurka.

Ni abin da na gani a nan haƙuri ne tsantsa. Ina so in riƙa ba yarana labarinsa. Amma wani abokina ya ce ba haƙuri ba ne, rashin wurin zuwa ne kawai. Me kuka gani?

Abba_Fagge: Wa alaikumus salam Yaya Sani. Ni fa ku fara fahimtar da mu. Waɗannan garuruwa da ka lissafo kamar rukuni na biyu da na uku ne a ƙwallon ƙafa? In haka ne ai da ya yi ƙoƙari ya haura da ɗaya daga cikinsu zuwa babbar gasa tun tuni.

Malam_Garba_Zariya: A'a Abba, tsarin ya bambanta. A can ƙungiya ba ta haurawa, ba ta faɗuwa. Manyan kulob 30 ne, kuma kowanne yana da ƙananan ƙungiyoyi huɗu a ƙarƙashinsa, hawa-hawa: Single-A, High-A, Double-A, Triple-A, ban da na sababbin shiga da ke sansanonin Florida da Arizona da Jamhuriyar Dominika. Ko Gwinnett ta cinye wasanninta duka, baɗi tana nan a Triple-A. Ɗan wasa ne ke haurawa shi kaɗai da jakarsa. Babban kulob ne ke biyan 'yan wasa da kociyoyi, shi ke cewa wane ka tafi gari kaza, wane ka sauko. Shi ya sa aikin manaja a can ya fi kama da na malamin aji. Ya raini yaro, da zarar yaron ya goge a ɗauke shi a kawo masa ɗanye.

Abba_Fagge: Tabɗi. Wato in ya yi aiki mai kyau ƙungiyarsa ce za ta yi rauni?

Malam_Garba_Zariya: Ka gane ke nan.

Direba_Maradi: Salamu alaikum. Bari in sa baki, don wannan na gani da idona. Na yi kaka uku ina tuƙa bas ɗin wata ƙaramar ƙungiya a kudancin ƙasar Amurka, kafin a canza tsari a 2021. Ba zan faɗi sunanta ba. A wancan lokacin ana gama wasa wajen ƙarfe goma na dare, su yi wanka su ci abinci, sha ɗaya da rabi mu kama hanya, wani lokaci sai an kira asuba a agogona muke shiga garin da za a yi wasa da yamma.

Manaja kullum kujerar gaba yake zama, ta hannun dama, daf da ni. Yara na baya sun bazu suna barci, wasu har a ƙasa tsakanin kujeru. Shi kuwa kwamfuta na kan cinyarsa, ya rage haskenta don kada ya dame ni, yana rubuta rahoto a kan kowane yaro: wa ya buga me, wa ya yi kuskure, hannun wa ke ciwo. Dole rahoton ya isa ofishin babban kulob kafin gari ya waye. Mutumin ya haura hamsin, gwiwarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa sosai. Duk inda muka tsaya shan mai shi ke fara sauka ya sayo min kofi, ya tsaya yana hira da ni don kada barci ya ɗauke ni.

Da rana kuma, ƙarfe uku, rana na dukan ƙasa, za ka gan shi a bayan raga da bokitin ƙwallaye yana jefa wa yara ɗaya bayan ɗaya suna gwada bugu. In an fara wasa ya je ya tsaya a zango na uku, wato matattara ta ƙarshe kafin mai gudu ya koma gida ya ci maki, yana ba masu gudu alama da hannu. Kayan 'yan wasa yake sawa, har da lamba a baya, don a bezbol manaja ba ya sa kwat. Malam Sani, wanda ya yi wannan rayuwa wajen kaka ashirin kamar Snitker, ni ba zan ce rashin wurin zuwa ba ne. Aikin sito ma ya fi wannan hutu.

DanBorno82: Ni ne abokin da Sani yake magana, gara in fito in kare kaina. Ban raina mutumin ba. Abin da na ce shi ne kada mu ɗauki mutum ɗaya da abin ya yi wa kyau mu ce ga sakamakon haƙuri. Akwai Stan Wasiak. Kaka 37 ya yi yana manaja a ƙananan gasanni, daga 1950 zuwa 1986, mafi yawa a ƙarƙashin Dodgers. Ya ci wasa 2,530, babu wanda ya kai shi a tarihin ƙananan gasannin. Ko kwana ɗaya bai taɓa riƙe babbar ƙungiya ba. Shi ba mai haƙuri ba ne? In za ka ba yaranka labarin Snitker, Sani, ka haɗa musu da na Wasiak.

Sannan ku duba yadda aka ba Snitker aikin. Braves sun buga wasa 37 sun ci 9 kacal, aka kori manajansu Fredi González, ana neman wanda zai riƙe gida zuwa ƙarshen kaka. Ga tsoho nan kusa a Gwinnett, ya san kowa, ba zai kawo rigima ba. Da ƙungiyar tana cin wasa a lokacin, da a Triple-A zai yi ritaya.

Hajiya_Binta_ATL: Dan Borno, gaskiyarka a kan yadda aka kira shi, amma ka tsaya a tsakiyar labari. Riƙon ƙwarya aka ba shi. A sauran wasannin kakar ya ci 59 aka ci shi 65, da 'yan wasan nan dai da suka ci 9 cikin 37. A ƙarshen kaka kulob ya gana da Bud Black da Ron Washington, mutanen da suka taɓa riƙe manyan ƙungiyoyi, amma aka tabbatar masa da kujerar, kuma 'yan wasa irin su Freddie Freeman sun fito fili sun ce shi suke so. Kiran farko ƙaddara ce, na yarda. Zaman da ya yi a kujerar kuwa, shekarun bas ɗin nan da Direba ya ba mu labari ne suka saya masa. 2018 aka zaɓe shi gwarzon manaja na National League, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na babbar gasar. Daga 2018 zuwa 2023 sau shida a jere suna ɗaukar rukuninsu.

Sani_Gwinnett: Hajiya kin faɗi abin da na kasa faɗi. Kuma abin da ya fi taɓa ni ban ma rubuta shi a sama ba. Daga 2007 zuwa 2013 yana babbar ƙungiya a matsayin kocin zango na uku. Shekara bakwai yana hawa jirgi, yana kwana a manyan otal. Ƙarshen kakar 2013 aka ce ya koma ƙasa ya riƙe Gwinnett, yana da shekara 58. Kuma ba shi ne karo na farko ba: a 1985 ya hau sama ya sauko, daga 1988 zuwa 1990 ya sake hawa ya sake saukowa. Wallahi ni a wurin aikina sau ɗaya aka tsallake ni aka ba wanda na koya wa aiki, wata uku ban iya barci mai daɗi ba, daga ƙarshe na ajiye aikin. Shi sau uku aka mayar da shi baya, ya ɗauki jakarsa ya tafi inda aka ce.

DanBorno82: To ai nan nake magana. Mutum ɗan 58, tun yana ɗan 21 bai san wani gida ba sai Braves. Ina za shi? Wa zai ɗauke shi? Ba laifi ba ne, amma a kira abu da sunansa.

UmmuKhalil: Ni tambayata daban ce. Duk wannan yawo daga gari zuwa gari, iyalinsa fa? Kullum in ana yabon haƙurin namiji a irin wannan aiki sai in tuna akwai wata mata a gida da ta riƙe yara ita kaɗai daga Afrilu zuwa Satumba, shekara da shekaru. Mijina direban babbar mota ne, na san abin da nake faɗi. Yaro zai yi zazzaɓi da tsakar dare, uban na wata jiha. In za a raba ladan haƙurin nan a ba matarsa rabi.

Hajiya_Binta_ATL: Maman Khalil, Allah ya saka. Kuma ki ji yadda abin ya zagayo. Ɗansu Troy Snitker shi ma koci ya zama, kuma a 2021 ɗin yana cikin masu koyar da bugu a Houston Astros, wato ƙungiyar da Braves suka kara da ita a wasan ƙarshe. Uba a wannan benci, ɗa a wancan. Na kalli wasa na shida a gidan maƙwabtanmu, 2 ga Nuwamba, aka tashi 7 da nema a Houston. Duk falon ana ihu, ni uwar nake tunani, wa za ta yi wa murna, wa za ta lallasa.

Zango_Bronx: Salam jama'a. Daga New York nake, asalina Kumasi. Mu nan Yankees muke yi, kuma labarinmu ya sha bamban da naku. Aaron Boone daga sharhin talabijin aka ɗauko shi ƙarshen 2017 aka ba shi ƙungiya, bai taɓa zama koci ko manaja a ko'ina ba. Stephen Vogt ya daina wasa a 2022, ya yi shekara ɗaya yana koci a Seattle, 2024 Cleveland suka ba shi manaja, har ya zama gwarzon shekara. To wannan doguwar hanyar ta Snitker tana nan kuwa? Ni gani nake yanzu kulob suna neman matashin da ya iya magana da 'yan jarida kuma yake jin yaren masu lissafi na ofis. Wanda ya tsufa a bas sai dai a gode masa.

Malam_Garba_Zariya: Ɗan'uwa na Bronx, akwai gaskiya a maganarka amma hanyar ba ta toshe ba. Mike Shildt bai taɓa buga wasan ƙwararru ba ko a ƙaramar gasa, ya bi ta ƙananan ƙungiyoyin Cardinals har ya zama manajansu a 2018. Rob Thomson ya yi shekaru masu yawa a gidanku na Yankees ba a ba shi ba, sai a 2022 Philadelphia suka ba shi riƙon ƙwarya ya kai su World Series a kakar. In ka koma baya, Jim Leyland kaka 11 ya yi yana manaja a ƙananan ƙungiyoyin Detroit, ya ci kofi da Marlins a 1997, aka shigar da shi zauren gwaraza na Cooperstown a 2024. Earl Weaver na Baltimore ma haka. Wani abu da na lura: Snitker, Leyland, Thomson, Vogt, har da Joe Maddon, duk masu cafke ƙwallo ne a da. Mai cafke shi kaɗai ne ke fuskantar fili gaba ɗaya, shi ke gaya wa mai jifa irin jifan da zai yi, tun yana wasa yake koyon sarrafa mutane.

Abba_Fagge: Malam, wannan ya tuna min da Manu Garba. Ya ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 a 2013 da su Iheanacho, yaran suka wuce Turai, shi ya ci gaba da renon wasu. Kocin yara dai ko'ina haka yake.

Kawu_Idi: Abba ka kawo misali mai kyau, sai dai shi Manu kofi ake nema a hannunsa. Waɗannan na bezbol har hana su neman cin wasa ake yi wani lokaci. Ofis zai ce yaro kaza kada ya wuce jifa kaza yau, ko da shi ke riƙe da wasan dole a cire shi. Ko a ce wane dole ya buga kullum saboda an kashe kuɗi a kansa, ko da wani ya fi shi ƙoƙari a wannan watan. Manaja ya haɗiye, ya je ya yi wa wanda aka zaunar bayani.

Ku bar ni in gyara wani abu kuma. Na ga ana ta cewa wanda bai yi suna yana ɗan wasa ba ne ke shan wannan wahala. Ryne Sandberg fa? Yana cikin zauren gwaraza tun 2005, amma a 2007 ya sauka har Peoria, matakin ƙasa, ya shiga bas da yara don yana son riƙe babbar ƙungiyar Chicago Cubs wata rana. Ya hau mataki-mataki har Iowa, ta Triple-A, a 2010. Da kujera ta samu aka ba Mike Quade, wanda shi ma ya daɗe yana manaja a ƙananan gasanni. Sandberg ya koma gidan Philadelphia, ya samu kujerar a 2013, ya ajiye da kansa a 2015.

Zango_Bronx: Kawu ban san wannan ba, na gode. Wato tsohon bas ya taɓa kayar da mai suna.

DanBorno82: Ina so a yi maganar kuɗi, don haƙuri ba ya biyan haya. A 2021 aka rage ƙananan ƙungiyoyi daga 160 zuwa 120. Danville da Sani ya lissafa a sama tana cikin waɗanda suka fita daga tsarin. Kowace ƙungiya da aka cire, kujerar manaja ce da ta kociyoyi suka tafi. 'Yan wasa sun shiga ƙungiyar ƙwadago a 2022, a 2023 aka ƙulla yarjejeniya, mafi ƙarancin albashin Triple-A ya tashi daga dala 17,500 zuwa 35,800 a shekara, na Single-A daga 11,000 zuwa 26,200, ga masauki da kulob ke bayarwa. Yarjejeniyar ta 'yan wasa ce, ba ta shafi kociyoyi ba. Da yawansu kwantiragin shekara ɗaya suke yi, kaka ta ƙare mutum na jiran waya.

Direba_Maradi: Dan Borno, wannan haka yake. Manajan da na ba ku labari da kansa ya gaya min a kan hanya cewa duk Satumba ba ya sanin inda zai kasance a Afrilu.

Akwai abu ɗaya da ba zan manta ba. Wata rana na shiga ɗakin canza kaya in tambayi lokacin tashi, sai na ga ya leƙo daga ɗan ofishinsa ya kira wani yaro daga Dominika ya rufe ƙofa. Ɗakin ya yi tsit, kowa ya san kiran nan iri biyu ne, ko ƙarin girma ko sallama. Yaron ya fito bai kalli kowa ba, ya fara zuba takalmansa da safar hannunsa a jaka. Manajan bai bar ma'aikaci ya kai shi filin jirgi ba. Da motarsa ya kai shi, ya dawo ana saura minti arba'in a fara wasa, ya sa hularsa ya fita fili. A daren nan a bas bai buɗe kwamfuta ba sai da muka yi tafiyar awa biyu.

UmmuKhalil: Allah sarki. Yaron nan ɗan wata ne.

Hajiya_Binta_ATL: Kuma Snitker ya san wannan ƙofar ta ciki da waje, tunda shi ma an taɓa rufe ta a kansa a 1980. Hank Aaron da ya ba shi aiki bayan sallamar ya rasu a Janairun 2021, bai ga kofin ba, wata tara da 'yan kwanaki tsakani.

Abba_Fagge: Akwai ɗan Afirka a wannan harka kuwa? Ko mace?

Malam_Garba_Zariya: Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu shi ne haifaffen Afirka na farko da ya buga babbar gasa, a Afrilun 2017 da Pittsburgh, bayan ya shafe shekaru a ƙananan ƙungiyoyi. Daga baya ya shiga koyarwa a ƙananan ƙungiyoyin Arizona Diamondbacks. Mace kuma Rachel Balkovec ta riƙe Tampa Tarpons, ta gidan Yankees, a 2022.

Sani_Gwinnett: Na karanta duka, na gode ƙwarai. Dan Borno, na yarda zan haɗa wa yara da Wasiak. Amma har yanzu ban yarda da rashin mafita ba. Mutumin ya sauka daga kujerar bayan kakar 2025, Walt Weiss ya gaje shi, kuma ko a nan bai bar gidan ba, mai ba da shawara ya koma. Kaka 49 a wuri ɗaya. Wanda dole ta zaunar da shi, da zarar ya samu kofi da kuɗi ai tafiya zai yi.

DanBorno82: Ko kuma saba wa wuri ne, Sani. Bayan shekara 49 ina ne gida in ba nan ba? Ni dai tambayar da ta rage min ita ce, da a ce wayar nan ta Mayun 2016 ba ta zo ba, kai da ni za mu san sunansa har mu yi wannan doguwar magana?

Direba_Maradi: Ba za ku sani ba. Nawa manajan ma ba ku san shi ba. Bara na ji an ce yana wata ƙungiya a Double-A yana koyar da masu cafke ƙwallo. Malam Sani, in za ka koma filin da yara, ka je da wuri tun ana buɗe ƙofa, ka nuna musu wanda ke tsaye da dogon siririn sanda yana buga wa 'yan wasa ƙwallo a ƙasa. Sau da yawa shi ne manajan.

Sani_Gwinnett: In sha Allahu Kawu Direba. Lahadi mai zuwa suna gida, wasan rana ne. Hajiya Binta, in za ku zo da yaranku ki yi min magana mu sayi tikiti a jere, ɓangaren zango na uku.